Bokitina Yana Gidan Tineke

Litinin, 6 ga Oktoba

Marrit ta yi abin da na hana ta. Ta buga wa ƙaramar hukuma waya, ta ce babanta ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, mamarta kuma saura ƙiris ta faɗi. 'Yar da na haifa da cikina, tana can birnin Utrecht tana tsara min rayuwa ta waya. Sun ce Larabar mako mai zuwa za su turo ma'aikaciya ta zauna da mu a teburin kicin. Haka ake yi yanzu. Ba kai za ka je ofis ba, su za su zo su sha kofinka, su kalli gidanka, sannan su yanke irin taimakon da ya dace da kai.

Abin da Marrit take so shi ne a sama wa mijina Lammert gurbi a gonar nan ta bayan gari, inda hukuma ke biya wa tsofaffi irinsa su wuni. Bas ta ɗauke shi da safe, ta dawo da shi da yamma. "Ki samu ki yi barci, Mama," in ji ta. Na ce mata ni ban yi wa kowa kukan barci ba.

Ban yi ba kuwa. Amma yau a tsaye na gyangyaɗa ina feraye dankali.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yau ma Lammert ya sa hularsa tun kafin in ɗora ruwan kofi. "Jantina, ina makullin? Jirage na jira." Rabin rayuwarsa ya yi yana ɗaga gadar ƙauyen nan domin jiragen ruwa su wuce. Yanzu daga birni ake danna wani abu ta ɗaga da kanta, ɗakin mai gadar ma an rufe shi tuntuni. Shi dai bai san da wannan ba. Na ce masa yau ranar hutunsa ce. Jiya ma haka na ce. A gidan nan kullum ranar hutun Lammert ce, tawa ce dai ba ta zuwa.

Makullin ƙofar baya yana cikin gwangwanin sukari. Daga ƙofar zuwa bakin rafi ba wani nisa, kuma ruwan ya fara sanyi.

Na tuna ranar da likita ya gaya mana sunan ciwon. Muna fitowa wajen ajiye motoci ya kama hannuna. "Yarinyata, kada ki bari a kai ni gidan tsofaffi. A gadona nake son in mutu." Na ce masa to. Abin da nake riƙe da shi ke nan, ba wani abu ba. Shi ya manta da alkawarin, ni aka bari da shi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na fara da tagogin gaba, ciki da waje. Na sauke labulaye na wanke, na goge dakalin ƙofa da burushi har gwiwoyina suka yi ja. Baƙuwa za ta shigo gidana, baƙuwar ma ta hukuma.

Tineke maƙwabciyata ta leƙo ta saman shinge, sigari a baki kamar kullum.

"Ke Jantina, sarauniya ce za ta zo?"

Na ce daga ƙaramar hukuma ne. Sai ta kwashe da dariya har da tari.

"Kin haukace ne? Ni da za su zo min, kwanuka na bari a jibge, ko kaina ban taje ba. Na ce musu ƙugun nan zai kashe ni. Ga shi yanzu duk mako ana turo min mai shara. Ajiye bokitin nan, baiwar Allah."

Na ce mata kowa da irin tarbiyyarsa. Ta ce to tarbiyyar ta zo ta canza wa Lammert wando da asuba. Na ci gaba da goge dakalina. Ita Tineke daga kudu aka auro ta, can ba su san kunyar irin wannan ba. Labulenta ma a rufe yake wuni. Mu nan tun muna yara aka koya mana barin labule a buɗe, kowa ya wuce ya ga ba abin da muke ɓoyewa.

Talata, 14 ga Oktoba

Na gasa kek mai man shanu. Na yi masa aski. Famfas ɗinsa na manya na kai su can saman kabad, bayan barguna. Bayana kamar an sassare shi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ma'aikaciyar ta zo a kan keke, cikin yayyafi. Liselot sunanta, yarinya ce, ba za ta girmi Marrit ba. Ta tsaya a ƙofa tana neman inda za ta taka saboda kada ta ɓata dakali. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Lammert kuwa, ban san daga ina ya samo kansa ba. Farar riga a goge, gashi a kwance. Ya miƙe ya karɓi kwat ɗinta, ya ja mata kujera, ya ce, "Zauna nan, 'yammata, nan ne ba iska." Ya ba ta labarin shekarar da rafi ya daskare har aka yi tseren sulɓi a kan ƙanƙara a ƙarƙashin gadarsa, bai tsallake ko sunan mutum ɗaya ba. Mutumin da da safen nan ya sa burodi a cikin injin wanki. Ina zaune ina kallonsa, wallahi alfahari ne ya cika ni. Na ga Lammert ɗina na dā, wanda ya yi min magana a filin rawa.

Na zuba kofi, na buɗe gwangwani kowa ya ɗauki biskit ɗaya, na rufe. Sannan na yanko kek.

Ta buɗe kwamfutarta tana tambaya a hankali. Yaya kwana? Na ce ba laifi. Wanka fa? Muna yi. Yana fita shi kaɗai? Na ce yana son iska dai, kamar kowa. Akwai masu taimaka miki? Na ce akwai 'yata, ga maƙwabciya kuma, mutanen coci ma ba su yar da mu ba. Duk ba ƙarya na yi ba, akwai su. Ba ta tambaye ni yaushe rabon su taka gidan ba, ni ma ban tsinka ba.

Sau ɗaya ta ajiye kofin ta dube ni sosai. "Madam Wiersema, ke fa? Yaya jikinki?"

Na ce, "Akwai waɗanda suka fi mu shan wahala."

Haka mahaifiyata ta ce wa likita ana jibi za ta rasu. Haka kowa ke cewa a ƙasar nan tamu ta arewa. In ka ji mutum ya ce ba laifi, to ko dai ya ci gasa ne ko gidansa ya ƙone.

Da za ta tafi ta ce rabonta da ganin gida mai tsabta haka ta manta. Lammert ya raka ta har ƙofa yana ɗaga hannu. Ƙofar na rufuwa ya juyo ya tambaye ni ko yau an yi masa abinci. Kafin in kai shi banɗaki ya riga ya jiƙa wandon cocinsa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ba mu je coci ba. Ya ƙi sa takalmi, ni kuma ba ni da ƙarfin lallashi. Na ji ƙararrawa daga kicin. Ba wanda ya leƙo.

Laraba, 29 ga Oktoba

Liselot ta bugo. Muryarta da fara'a. Ta ce sun zauna sun duba, sun ga muna riƙe da kanmu sosai, ga kuma mutane kewaye da mu, don haka a yanzu ba a ga bukatar gurbi a gona ba, da ma masu jira suna da yawa. Amma za a turo mai gyara ya kafa mana ƙarfen dafawa a banɗaki. Kuma akwai zaman shan kofi na masu jinya duk wata a ɗakin taron ƙauye, in ina so.

Na ce mata na gode ƙwarai. Har da ƙwarai.

Da yamma Marrit ta wanke ni tas ta waya. "Mama, me kika ce musu? Kin yi shara, ko? Kin yi kek! Na rantse kin yi kek!" Na ce to da datti zan tarbi mutane? Ta ce, "Ba gasar tsabta aka zo yi ba, Mama, taimako aka zo ba ki, kika kore shi da burushi." Sai ta fashe da kuka, ni kuma na ce mata dankalina zai ƙone. Ba komai a kan wuta.

Haushin kowa nake ji. Na Marrit, na yarinyar, na Lammert da ya zaɓi ranar don ya warke. Wa zai wuni da shi in na tafi shan kofin masu jinya? Ba wanda ya yi wannan tunanin.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An kafa ƙarfen. Mai kyau ne, yana ƙyalli. Lammert ya rataya hularsa a kai.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Juma'a ranar tagogi ce, tun ina amarya. Na bar shi a kujera da kofinsa, na fita gaba da bokiti da tsani. Ta gilashin ina hango ƙeyarsa. Na sunkuya matse tsumma, na hau na goge na sama, na sauko na canza ruwa. Da na sake dubawa kujera ba kowa. Gwangwanin sukari a buɗe a kan tebur, sukari ya zube, ƙofar baya a wangale. Ashe yana ganin inda nake sawa.

Na yi bakin rafi da gudu ina kiran sunansa. Silifas ɗinsa ɗaya na gani a kan ciyawa, dab da ruwa. Ban san abin da na yi ba daga nan. Tineke ta ce ihuna ne ya fito da ita, ta same ni na shiga ruwan har gwiwa ina laluben ciyayi da hannu.

Direban tankar madara ne ya kawo shi. A tsakiyar gada ya same shi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ruwan sama na dukansa, ya ɗaga hannu ya tsayar da motoci wai jirgi zai wuce. Motoci sun yi layi, ba wanda ya yi masa hon, duk sun san shi. Direban ya ce masa, "Maigida, an karɓe ka, lokacin tashinka ya yi," shi ne ya yarda ya hau.

Ya shigo yana murmushi, leɓɓansa sun yi shuɗi don sanyi. "Aiki ya yi yawa yau, yarinyata."

Rabin ƙauyen nan sun gani. Abin da nake ta gogewa da burushi ke nan, ga shi a tsakiyar gada da rana tsaka.

Tineke ta dafa mana miyar wake, ta zauna har ya yi barci. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta ce ma da ya fi min sauƙi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na kai shi wurin likitanmu saboda tari. Ya duba shi ya ce ba komai, sai ya ce in miƙo nawa hannun. Ya auna jinina, ya sake aunawa, ya cire tabarau.

"Jantina, bari in gaya miki ba kwana-kwana. Ranar da kika faɗi, a ranar za a ɗauke shi, kuma ba ke za ki zaɓi inda za a kai shi ba. In kina son ya zauna a gida, sai kin bari an taya ki."

Na ce ba laifi, zan duba. Ya ce, "Wannan ba laifin naku shi ke cika min maƙabarta."

Muna dawowa na buga wa ƙaramar hukuma. Ni da kaina. Na ce ina roƙon a sake zuwa. Kalmar roƙo ta yi min nauyi, amma ta fita. Sun ce za su zo Larabar mako mai zuwa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Makulli yanzu a wuyana yake, da igiya. Da shi nake kwana.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na tashi da niyyar ba zan taɓa komai ba. Kafin hantsi sai ga ni a dakali da bokiti, ban ma san lokacin da na tara ruwan ba. Na ce a raina dakalin kawai, ai waje ne, ba ya cikin lissafi.

Tineke ta zagayo ta ƙofar shinge, ba sallama ba komai, ta ɗauke bokitin, ta tuttular da ruwan a kan furanni, ta haɗa da burushin da abin goge gilashi.

"Sai bayan Laraba."

Na ce ta ajiye min kayana. Ta ce in kira 'yan sanda. Na ce ita ba ta da kunya. Ta ce, "Ba ni da ita, shi ya sa nake barci. Jantina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki bar yarinyar nan ta ga gidanki yadda Allah ya yi shi."

Ta tafi da shi tana kaɗawa. Bokitin da mahaifiyata ta ba ni, na ƙarfe.

Talata, 18 ga Nuwamba

Wannan ya fi sharar wahala. Kwanukan jiya suna kallona. Zanin gadon da ya jiƙa yana kan kujerar kicin, famfas a kan tebur kusa da burodi, gilashi duk sawun ruwa. Na wuni ina zagaya gidan hannuwana a cikin aljihu kamar ɓarauniya. Matar limamin coci ta wuce a keke ta kalli tagar. Na ji kamar in ja labule, na tuna in na ja shi ma magana ce.

Gobe zan faɗi komai. Na yi ta maimaitawa a banɗaki ina riƙe da ƙarfen hukuma.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Liselot ta shigo, idonta ya sauka kan zanin gadon, ya sauka kan kwanukan, ta yi kamar ba ta gani ba. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Ban yi masa aski ba, rigar barci ce a jikinsa da suwaita a kai.

Amma ga shi nan dai, ya miƙe ya ja mata kujera. "Zauna nan, 'yammata, nan ne ba iska." Ya fara labarin tseren ƙanƙara. Na ce a raina shi ke nan, za mu maimaita na wancan karon.

Ta ce ta ji abin da ya faru a gada, direban tankar mijin yayarta ne. Ta rufe kwamfutar, ta tura ta gefe. "Madam Wiersema, yau ba zan rubuta komai ba sai kin gama. Yaya kuke, tsakani da Allah?"

Na buɗe baki. Duk abin da na haddace a banɗaki ya gudu. Na ji muryata tana cewa, "To, ba laifi dai. Wata rana da daɗi, wata rana..."

Da gidan a hargitse, da komai, bakina bai san wata magana ba.

Sai Lammert ya matso da kujerarsa kusa da ita, ya rage murya irin ta mai gulma, ya nuna ni da haɓa.

"'Yammata, tunda daga ofis kike, bari in gaya miki wani abu. Matar nan da kuka turo min tana da ƙoƙari, ban da abin cewa. Amma ta gaji. Ba ta zama, ba ta ci, in na farka sai in gan ta zaune a bakin gado tana kuka a hankali don kada in ji. Ba daidai ba ne a bar mutum ɗaya da aiki haka. Mu a gada ana karɓar mutum. Ku turo wanda zai karɓe ta, ta je gida ta ga iyalinta."

Ya juyo ya dube ni da ladabi, irin kallon da yake yi wa baƙi. "Ki yi haƙuri, Madam, na faɗa a gabanki. Matata Jantina in ta dawo, ita ma haka za ta ce."

Ban san yana ji ba. Na ɗauka barci yake.

Liselot ta sunkuyar da kai. Ni kuwa abin ya ɓalle, a teburin kicin ɗina, a gaban baƙuwa, labule a buɗe. Kuka da majina, irin wanda ban yi ba ko a jana'izar mahaifiyata. A cikin kukan na faɗi komai, ba tsari. Makulli, famfas, burodi a injin wanki, ranar da ya ture ni bai san ni ba, ranar da na daka masa tsawa har ya ɓuya a bayan ƙofa. Na ce mutanen coci sun daina zuwa. Na ce ina tsoron ruwan nan. Na ce na yi masa alkawari kuma ƙarfina ya ƙare.

Lammert ne ya buɗe gwangwani ya miƙo min biskit. "Ci, Madam. Ɗauki biyu."

Da za ta tafi Liselot ta tsaya a ƙofa tana ɗaure hular ruwanta. Ta ce kakarta ma haka take, sai ta share gida kafin mai shara ta zo. "Na so in gane tun ranar da na ga kek ɗin nan," in ji ta. Na ce ba laifinta ba ne, kek ɗin ya yi kyau.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Da safe ya ce, "Jantina, ina hulata?" Ya san ni. Ban san ko in yi murna ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

An ba shi gurbi. Talata, Alhamis da Juma'a, daga watan gobe. Za kuma a riƙa turo ma'aikaciyar jinya da safe ta yi masa wanka. Marrit ta yi ta ihu a waya kamar an ci ƙwallo. Tineke ta ce in saya mata kwalin sigari ladan bokiti.

Ni dai ban ji komai ba sai nauyi. Gani nake kamar na kai ƙararsa. Mutumin da bai taɓa kai kukansa wurin kowa ba, na zauna na zayyana wa hukuma yadda yake jiƙa wando.

Amma ai shi ya fara kai tawa ƙarar.

Talata, 9 ga Disamba

Bas ta zo da hantsi, ƙarama, fara. Na yi zaton za a yi daga. Direbar, wata ƙatuwar mata mai jan gashi, ta leƙo ta ce, "Mista Wiersema? Ana jiran ka a wurin aiki, awaki sun ƙi cin abinci sai ka zo." Ya gyara hularsa ya hau, ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya a dakali da makulli a wuya kamar wata sakarya har bas ta sha kwana.

Gidan ya yi tsit. Na tsara abin da zan yi: tagogi, kabad ɗin kicin, labulaye kafin Kirsimeti. Na ce bari in sha kofi tukuna. Na zauna a kujerarsa ta bakin taga, na buɗe gwangwani na ɗauki biskit. Na ɗauki na biyu, tunda an ba ni izini.

Ban san sauran ba. Da na buɗe ido rana ta yi ƙasa, kofi ya huce, wuyana ya ƙage, bakina a buɗe. A bakin taga, labule a buɗe, duk wanda ya bi titin nan yau ya ga Jantina Wiersema tana sharar barci da rana. Akwai bargo a kan ƙafafuna wanda ba ni na ɗauko ba, yana warin sigari.

Ya dawo da ciyawa a suwaita, yana ƙarnin awaki, kumatunsa ja. Ya ce akwai wani akuya mai taurin kai, amma ya yi maganinsa. Ya cinye dankalinsa da kabeji tas, ya ce aiki akwai gajiya. Yanzu haka yana ciki yana minshari, a gadonsa, a gidansa.

Tagogin ba su yi wani datti na a zo a gani ba. Ana ganin waje, ana ganin ciki.

Bokitina yana gidan Tineke har yanzu. Ban ce na bar mata ba. Ban dai je karɓa ba.